Labarin Inji A Tambayi Dashbod: Muhawarar Masoya Tsofaffin Motoci A Tamanrasset

Duk falken da ya taɓa kwana a Tamanrasset, babban birnin kudancin ƙasar Aljeriya, ya san cewa da zarar rana ta faɗi, sanyin duwatsun Ahaggar ya fara saukowa, babu abin da ke tara mutane kamar butar shayi a kan gawayi. A unguwar Gataa el-Oued, inda baƙi 'yan Nijar da 'yan Mali da 'yan Nijeriya suka yi yawa, akan haɗa shayin da gasasshen naman nan da su kansu mutanen garin ke kira mainama, sunan da suka aro daga bakin Bahaushe.

A irin wannan majalisa ta direbobi da makanikai da dillalan mota ne muka tarar ana tafka wata muhawara da ta ja hankalinmu. Mun zaci za mu ji ana maganar farashin dabino ko canjin dinari da sefa, sai muka ji ashe gardamar a kan cikin mota ake yin ta, wato allon nan da ke gaban direba wanda mutanenmu na Nijeriya ke kira dashbod, na Nijar da Aljeriya kuma ke cewa tablo. Kowa na kawo motar da ya taɓa tuƙawa, yana faɗin inda aka maƙala mata giya, da siffar sitiyarinta, da yadda malejinta ke nuna gudu.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan hirar marasa aikin yi ce. Mu ma haka muka ɗauka da farko. Amma kafin a zuba shayi na uku mun gane cewa maganar ta shafi aljihun duk mai sayen mota a Jibiya ko Maigatari ko Illela ko Ƙonni, kuma ta shafi ran duk wanda ke ɗora kayansa da iyalinsa a mota ya nufi hamada. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, dashbod shi ne fuskar inji.

Yadda Tam ta zama matattarar motoci

Ba banza ba mutanen Tam, kamar yadda direbobi ke taƙaita sunan garin, suka san kalolin motocin da ko a Kano ba kowa ya taɓa gani ba. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Aljiyas, tafiyar kusan kilomita 2,000. Daga Tam zuwa In Guezzam da ke bakin iyaka kimanin kilomita 400 ne, sai a tsallaka Assamaka a cikin Nijar, a yi wasu kimanin 200 zuwa Arlit, daga nan sai Agadas da Damagaram har Kano.

Tun ranar 17 ga Disamba 1922 kamfanin Citroën na Faransa ya taso da motoci biyar masu ƙafar katafila a baya daga garin Touggourt, suka bi ta In Salah da ƙasar Ahaggar, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. A shekarar 1978 kwalta ta iso Tam, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka fara tseren nan na Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa garin ya nufi Agadas.

Sai dai abin da ya fi cika garin da motoci shi ne kasuwancin da matasan Turawa suka riƙa yi a shekarun 1970 da 1980. Mutum zai sayi tsohuwar Fijo ko Marsandi da araha a Faransa ko Jamus, ya sa ta a jirgin ruwa ya tsallako teku, ya tuƙo ta ya keta hamada, ya sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, ya biya kuɗin jirgin komawa gida da ribar. Waɗanda suka gaza kuwa, gawarwakinsu sun daɗe yashe a rairayin Laouni, tsakanin Tam da In Guezzam. Wannan kasuwa ta mutu a farkon shekarun 1990, bayan ɓarkewar tawayen Abzinawa a Nijar da kuma rikicin da ya auka wa Aljeriya daga 1992. Daga nan ne motocin Beljiyam suka koma shigowa ta Kwatano da Lome. Dattawan makanikan Tam a kan waɗancan motoci suka koyi sana'a, shi ya sa har yau labarinsu bai fita daga bakinsu ba.

Abin al'ajabi sai Bafaranshe

Da aka zo zaɓen motar da ta fi kowace baƙon ciki, ba a ja gardama ba, kowa ya sallama wa Citroën. Samfurin DS da kamfanin ya fitar a 1955 sitiyarinta ƙafa ɗaya tak gare shi, domin kada komai ya tare wa direba ganin allura. Birkinta kuwa ba irin faifan da muka saba takawa ba ne, wani ɗan curin roba ne a ƙasa kamar an danne ƙwallon fura. Da ƙyar yake motsawa, iya ƙarfin da ka matsa shi iya birkin da motar za ta kama, don haka baƙon direba kan buga goshin fasinjansa a takun farko.

Ƙanwarta CX, wadda ta fito a 1974, ita ma da nata salon. Malejinta ba shi da allura. Lambobi ne a jikin wata 'yar ganga da ke juyawa a bayan gilashi mai ƙara girman rubutu, kamar sikelin da ake hawa a asibiti. Maɓallan fitila da hon da tirafiketa an tara su a gefe biyu na sitiyari, yadda direba zai taɓa su da ɗan yatsa ba tare da ya saki sitiyarin ba. Tirafiketar kuma ba ta kashe kanta bayan an sha kwana, sai direba ya tuna ya kashe.

Masu yabon waɗannan motoci suna kafa hujja da laushinsu a kan gargada, da kuma sandar da ake ja motar ta ɗaga kanta sama ta tsallake rami. Makanikai kuwa sai suka tuno musu da babbar jar fitilar da ke dashbod ɗin CX mai rubutun STOP. A irin waɗannan motoci, wani koren mai guda ɗaya da famfo ke turawa shi ke riƙe da birki da sitiyari da tsayuwar motar baki ɗaya. Idan bututu ɗaya ya tsage a tsakiyar hamada, man ya tsiyaye, motar sai ta durƙusa kamar raƙumi, kuma ba a kowane shago ake samun man ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Akwai kuma 'yar ƙaramar 2CV ta 1948, wadda sandar giyarta daga cikin dashbod take fitowa kamar mariƙin laima, a tura, a jawo, a murɗa. Na farko-farkonta ba su da allurar mai, sai dai a tsoma sanda a tanki a duba. Waifarta kuma da wayar maleji take aiki, idan mota na gudu ta yi sauri, idan ta tsaya ita ma ta tsaya, sai direba ya murɗa ta da hannu. Daga 1960 an ƙera wani samfurinta mai suna Sahara saboda masu aiki a hamada: inji ɗaya a gaba, ɗaya a baya, makulli biyu a dashbod, tankunan mai biyu a ƙarƙashin kujerun gaba, amma totur ɗaya da sandar giya ɗaya. Idan inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai ka gari. Waɗanda aka ƙera ba su kai 700 ba.

Renault 4 ta 1961, wadda ta cika titunan Aljeriya a zamaninta, ita ma daga dashbod giyarta ke fitowa, abin da ya bar wa ƙafafun mutanen gaba fili. Duk mai raina ta sai a tuna masa cewa a tseren Dakar na farko, wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, da ita suka zo na biyu a rukunin motoci.

Fijo, Land Rover da Toyota

Bahaushe dai idan aka ce tsohuwar mota, Fijo ke faɗo masa a rai. Samfurin 404 na 1960 da 504 na farko-farko, wanda ya fito a 1968, a jikin sitiyari giyarsu take. Direbobin tasha sun ji daɗin wannan tsari, domin tsakiyar gaba ya zama fili, sai a cusa ƙarin fasinja ko yaron mota. Hon ɗin 504 kuma a jikin sandar gefen sitiyari yake, wanda bai sani ba sai ya yi ta dukan tsakiyar sitiyari babu ƙara. Allonta agogo ne 'yan kaɗan masu manyan lambobi: gudu, mai, zafin ruwa. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa 504 har zuwa 2006, shekaru da dama bayan Faransawa sun daina, dalili ke nan da kayan gyaranta suka wadata tun daga Sabon Garin Kano har Agadas.

Masoya Land Rover ta Ingila, wadda aka fara ƙerawa a 1948, suna alfahari da cewa motarsu ba ta san ƙyale-ƙyale ba. A samfuran farko an dasa agogunan ne a tsakiyar dashbod, domin allo ɗaya ya yi wa mai sitiyari a dama da mai sitiyari a hagu aiki. Sai a 1971 aka mayar da su gaban direba. Mu da muka ga Nijeriya ta sauya hannun tuƙi ranar 2 ga Afrilu 1972 mun san amfanin wannan dabara. A ƙasa kuma ga sanduna masu kai ja da rawaya: a danna mai rawaya ƙafafu huɗu su ja, a jawo mai ja motar ta shiga giyar ƙarfi. Iskar shanta wasu 'yan ƙofofi ne biyu a ƙarƙashin gilashin gaba, a buɗe iska ta shigo tare da ƙurarta.

Amma a yau sarautar hamada tana hannun Toyota Land Cruiser, musamman zuriyar 70 da aka fara a 1984 kuma ake ci gaba da ƙerawa. Cikinta ma ba ta rasa nata abin kallo ba. Wasu suna da ɗan agogo a saman dashbod mai nuna yadda mota ta karkata a kan tudun rairayi, da wani mai nuna nisan hawa sama. Wasu suna da tanki biyu, kowane lita 90, da maɓallin sauya tanki. Ga kuma ƙarfen da fasinja ke riƙewa a gabansa. Injinta na gas mai suna 1HZ, wanda ya fito a 1990, ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya tashi, kuma wannan shi ne babban abin da ya sa direbobin hamada suka riƙe ta.

A kan kowace daga cikin waɗannan motoci, direbanmu ya ƙara nasa ado: darduma ko fatar rago a kan dashbod saboda rana, carbi a jikin madubi, takardar addu'ar tafiya a manne, da rediyo mai kaset. A nan Tam ne ma mawaƙan Abzinawa na Tinariwen suka fara haɗuwa a 1979, kuma ta kaset waƙoƙinsu suka zaga hamada daga hannu zuwa hannu.

Daga mota mai magana zuwa allon shafawa

Samarin da ke majalisar ba su bari dattawa sun cinye hirar ba. A nasu ganin, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sun kawo hujjar cewa dashbod ɗin ƙarfe na motocin da ya fasa kawunan mutane ba adadi a lokacin haɗari, alhali motar yanzu tana da jakar iska da bel da birki mai hana taya cijewa, ga kuma sauƙin shan mai. Wannan gaskiya ce da babu mai musun ta.

Dattawan sun amsa da cewa su ba sabon abu suke ƙi ba, sun dai ga irinsa tun da daɗewa. Renault 25 ta 1984 tana da samfurin da ke magana da murya, ta gaya wa direba ƙofa a buɗe take ko mai ya yi ƙasa. A Amurka kuma tun 1986 motar Buick Riviera ta zo da allon talabijin da ake shafawa da yatsa. Damuwarsu ita ce allon da ya haɗiye komai: idan zafi da ƙura suka kashe shi, sai ya tafi da maleji da allurar mai da ta zafi a lokaci guda, kuma babu mai gyara shi da filaya a gindin bishiya. Maɓalli kuwa, hannu kan gane shi ko da idon direba na kan hanya.

Abin sha'awa shi ne, su kansu Turawan sun fara dawowa kan wannan magana. Hukumar Euro NCAP, mai auna amincin motoci a Turai, ta sanar da cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta kasance da maɓalli ko sanda ta zahiri domin tirafiketa da fitilar gargaɗi da hon da waifa da kiran agaji. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Inda wasa ya ƙare

A tsakanin In Guezzam da Arlit, allurar zafi ta fi maleji muhimmanci. Mota na cikin rairayi mai laushi a ƙaramar giya, ga lodi ya wuce kima, idan kuma iska daga baya take busowa, lagireto ba ya samun abin da zai sanyaya shi. Direban da allurarsa ke aiki zai ga ta fara hawa, ya tsaya ya juya hancin motar ya fuskanci iska, ya bar injin na numfashi a hankali, kuma ba zai buɗe murfin lagireto yana tafasa ba. Wanda allurarsa ta mutu kuwa, sai hayaƙi ne zai ba shi labari, lokacin kan inji ya riga ya ƙone.

Mutanen yankin Damagaram ba za su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito, Tam suka nufa, motocin da suka ɗauko su suka lalace, ƙishirwa ta yi ajalinsu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Lalacewar motar da a hanyar Katsina zuwa Kano ɓata lokaci ce kawai, a can tana iya zama ajali. Saboda haka falken da zai ɗora kaya, ko zai sa iyalinsa a mota, yana da haƙƙin leƙa gaban direba kafin ya biya kuɗi. Idan ya ga allurai duk a kwance, ko an liƙe wata fitila da baƙin salatif, gara ya jira wata motar.

Ga mai niyyar saye

Daga abin da muka tsinta a bakin makanikan, ga wasu abubuwa da mai sayen mota zai duba tun kafin a buɗe masa inji, domin kada ya yi sayen kifi a ruwa.

Na farko, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da motar ba. Ya kamata fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya: ta baƙin mai, mai siffar butar shayi, da ta batir, da ta inji, da ta jakar iska. Idan mota ta tashi sai su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don a ɓoye ciwo.

Na biyu, kada ya yarda da maleji shi kaɗai. Yawancin motocin da lamba biyar gare su, idan sun kai 99,999 sai su koma sifiri, na zamani kuma ana mayar da su baya da kwamfuta. Ya duba robar totur da birki da kuloci, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba, su ba su iya ƙarya ba. Ya kuma lura ko da mil motar ke ƙirga ko da kilomita, domin motar Amurka mai nuna 100,000 ta yi tafiyar kusan kilomita 161,000 ke nan.

Na uku, ya tabbatar ba juya mata sitiyari aka yi daga dama zuwa hagu ba. Alamun su ne dashbod da aka yanka aka liƙe, da waifa mai kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba, da wayoyi masu ɗauri a ƙarƙashi. Irin wannan aiki idan bai yi kyau ba, sitiyari ko birki na iya saki ana cikin gudu.

Na huɗu, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba ko akwai busasshiyar laka ko tsatsa ko warin ruma, alamar motar da ambaliya ta ci a ƙasarsu aka turo mana.

Na biyar, ya karanta lambar shasi. Tun daga 1981 ƙa'idarta haruffa da lambobi 17 ne, kuma a motoci da yawa tana nan a kusurwar dashbod ta bayan gilashin gaba. Ya gwada ta da wadda ke jikin ƙofa da wadda ke takardun kwastan ko duwan. Harafi ɗaya idan ya saɓa, ya isa a ƙwace mota a shingen bincike, kuɗi su bi ruwa.

Idan motar ta zamani ce, ya biya a jona mata na'urar binciken inji a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin sabon inji.

Har muka bar majalisar ba a yanke hukunci tsakanin 'yan Fijo da 'yan Toyota ba, kuma da wuya a yanke ko da kasuwar baje koli ta Assihar, mai tara fataken Aljeriya da Nijar da Mali a Tam, za ta ci sau goma. Amma dattijo da yaro sun haɗu a kan magana ɗaya: kowace irin siffa dashbod ke da ita, ganga ce ko allura ko allon shafawa, amfaninsa shi ne ya gaya wa direba gaskiya a kan lokaci. Ya rage wa masu motoci su gyara allurar da ta mutu kafin su ɗauki lodi, fasinja kuma ya duba kafin ya hau. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.